Maganin "Ƙara Ƙarfin Sojojin Jiki": Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A tasha ko bakin kasuwa ba ka rasa mai lasifika yana tallan ruwan magani, wai yana ƙara wa sojojin jiki ƙarfi. A WhatsApp kuma an ƙara gishiri: wai Turawa ma sun haɗa irinsa, har yana warkar da kowace kansa. Akwai ƙamshin gaskiya, amma an cakuɗa ta.

Ƙwayar T, ɗaya daga sojojin jiki da ke cikin fararen ƙwayoyin jini, ba ta tashi faɗa don kawai ta ga baƙo. Sai wata ƙwaya ta miƙo mata ɓarɓashin abokin gaba ta gane shi, sannan furotin CD28 da ke jikinta ya kama B7 na waccan ƙwayar. In ba a yi wannan musafaha ta biyu ba, sai ta yi lakwas. Tana kuma da birki: CTLA-4, mai ƙwace B7 daga hannun CD28, da PD-1, wanda Tasuku Honjo ya gano a Kyoto a 1992. Wasu ƙwayoyin kansa, da wayo, sukan yafa furotin PD-L1 su taka mata wannan birkin.

Gaskiya ne akwai magungunan da ke sakin birkin. Amurka ta amince da ipilimumab a 2011 don wata muguwar kansar fata, kuma a 2018 Honjo da James Allison suka karɓi kyautar Nobel kan wannan aiki. Amma batun "kowace kansa" ƙarya ce. Masu jinya da yawa maganin ba ya yi musu aiki, wasu kuma sojojin nasu sai su juya kan hanji, fata ko huhu.

Babbar ƙaryar ita ce wai yawan ƙarfi alheri ne. A watan Maris 2006, a Landan, an gwada maganin TGN1412, mai zuga CD28 kai tsaye, a kan maza shida masu ƙoshin lafiya. Cikin sa'o'i kaɗan garkuwar jikinsu ta haukace, sassan jikinsu suka fara gazawa, duka shidan suka kwanta a ɗakin kulawa ta musamman. Sun rayu, amma ɗaya ya rasa yatsu.

Shi kuwa mai lasifika, ko da ipilimumab ɗin ne a kwalbarsa, aikin banza ne. Furotin ne, ta jijiya ake ɗura shi a asibiti. In aka sha, ciki zai narkar da shi kamar yankan tsire.