Daga Man Gyaɗa Zuwa Batir: Abubuwan Mamaki a Duniyar Motoci

Yau gareji za mu leƙa, mu ga yadda dokar mai da dokar hayaƙi suke juya masu ƙera motoci, har ta kai mai rubuta doka ya fi injiniya yawan hannu a fasalin motar da kuke hawa. Kowa ya ɗaura bel.

Motar lantarki ba yarinya ba ce. Wajen shekarar 1900, kusan ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya, kuma motar farko da ta haura kilomita 100 a awa, a kusa da Paris cikin 1899, ta lantarki ce. Tsohuwar zuma ce, kwalba kawai aka sake mata.

A waccan shekarar ta 1899 aka kama wani direban tasi mai lantarki a New York da laifin tukin ganganci, don ya zuba gudu har kilomita 19 a awa. Ɗan sandan da ya bi shi ya cim masa kuwa a kan keke yake. Ranar keke ya sha kirari.

Kafin 1912, mai motar fetur sai ya tsaya a gabanta ya yi ta murɗa wani ƙarfe kafin ta tashi, in injin ya yi tutsu kuma ƙarfen ya dawo ya karya masa hannu, shi ya sa da yawa suka fi son ta lantarki. Da aka ƙera ɗan injin lantarki mai tayar da motar fetur ba tare da gumi ba, sai kasuwar motar batir ta mutu murus. Da ɗan gari kan ci gari.

Gidan mai na farko a duniya kantin magani ne. A 1888 wata mata a Jamus ta ɗauki motar da mijinta ya ƙera, ita da 'ya'yanta biyu, ta yi tafiyar fiye da kilomita 100 daga Mannheim zuwa Pforzheim, ta sayi mai a kemis a garin Wiesloch, da bututun man ya toshe kuma ta zare allurar hularta ta buɗe shi. Uwargida ran gida, ashe har da ran mota.

A babban bajekolin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki lafiya lau. Da abin ya ɗore, da masu dalar gyaɗa na Kano su ne attajiran mai, ƙuliƙuli kuma riba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu fetur ya zama na soja, sai mutanen Turai suka liƙa wa motocinsu tukunyar ƙarfe a baya, ana cusa mata itace ko gawayi, iskar da ke fita tana tafiyar da injin. A Suwidin kaɗai motoci dubbai ne suka koma haka. Direba da gatari, karen mota da buhu.

Tun daga shekarun 1920 ake zuba darma a cikin fetur don injin ya daina ƙwanƙwasa, alhali gubarta na taɓa ƙwaƙwalwar yara. Sai 2021 ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta ƙarar da ragowar nata, kusan shekara ɗari ke nan. Wannan kam Allah raka taki gona.

Da ƙasashen Larabawa suka rufe famfon mai a 1973, Holan ta hana tuƙa mota ranar Lahadi, sai manyan tituna suka koma filin wasa: masu keke, masu doki, har da masu shimfiɗa tabarma su ci abinci a tsakiyar kwalta. Amurka kuma ta ƙayyade gudu kada ya wuce mil 55 a awa, wasu jihohin suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota. Layin mai dai ba mu muka ƙago shi ba.

Daga wannan wahalar aka haifi dokar Amurka ta 1975 mai tilasta wa kamfanoni rage shan mai, kuma ba mota ɗaya-ɗaya take aunawa ba, duk abin da kamfani ya sayar a shekara ake tarawa a fitar da matsakaici. Don haka a lokacin mai son sayar da manya masu zuƙar mai sai ya ƙera ƙanana su rage masa nauyi, ko da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba. Ƙanwa ke biya wa yaya bashi.

Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe: a-kori-kura da motocin aiki an sassauta musu, don manoma da magina. Nan da nan kamfanoni suka ɗauki gangar jikin motar aiki suka zuba mata kujeru masu laushi da na'urar sanyi, ga jif ta fito, daga baya ma aka koma auna mota da faɗin ƙafafunta, mafi girma ta fi samun sassauci. Kun ji dalilin da jif ke ƙara ƙiba duk shekara.

Kaza ma ta sa baki. Turai ta ɗora haraji a kan kajin Amurka, Amurka kuma ta rama a 1964 da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya da ake shigo mata da su, kuma har yau yana nan. An manta da kajin, motoci ne suka gaji faɗan.

Kauce wa wannan haraji ya haifi dabaru. Wani kamfanin Japan ya kafa kujerun roba biyu a bayan a-kori-kurarsa, suna kallon baya, don kwastan su rubuta ta motar fasinja su karɓi kashi biyu da rabi kacal. Wani na Amurka kuwa ya riƙa shigo da motoci daga Turkiyya da kujerun baya, da zarar sun wuce kwastan sai a kwance kujerun a sayar da su motocin kaya. Shi wannan na biyun daga baya ya amayar da miliyoyin daloli.

A Turai da awo ake yi. Daga 2021 zuwa 2024 an sa matsakaicin hayaƙin sababbin motoci ya tsaya a giram 95 a kowace kilomita, duk giram ɗaya da kamfani ya haura kuma tararsa yuro 95 ce a kan kowace mota, wato mai sayar da mota miliyan ɗaya in ya zarce da giram guda, yuro miliyan 95 sun tafi. Giram ɗin nan ya fi na zinariya tsada.

Amma an yarda a yi haɗaka. Kamfanin da hayaƙinsa ya yi yawa yana iya biyan wanda lantarki zalla yake ƙerawa don a haɗa lissafinsu wuri guda, kuma ta wannan hanya akwai wanda ya tara biliyoyin daloli daga aljihun abokan gasarsa. Rashin hayaƙi ma haja ce.

Wani kamfanin Ingila mai ƙera motocin alfarma masu gudun tsiya ya taɓa sayo wata 'yar mitsitsiyar motar Japan a 2011, ya sake mata fuska, ya lulluɓe cikinta da fata, ya manna tambarinsa, duk don matsakaicin hayaƙinsa ya sauko. Kuɗinta ya ninka na asalin fiye da sau biyu, masu saye suka yi ƙaranci, a 2013 aka tattara. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Wani babban kamfanin Jamus kuwa hanyar baya ya bi: ya sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane ana gwaji, mota ta natsu ta fitar da hayaƙi kaɗan, in ta hau titi kuma ta saki har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Masu bincike na wata jami'a a Amurka ne suka ɗora na'ura a but suka bi titi da motocin, a 2015 asiri ya tonu. Rana dubu ta ɓarawo.

California ta kafa doka a 1990 cewa wani kaso na motocin da za a sayar dole su zama marasa hayaƙi, sai wani kamfani ya ƙera motar lantarki guda dubu da 'yan kai, ya ba da su haya, bai sayar ba. Da aka sassauta dokar ya karɓe kayansa ya niƙe mafi yawansu, masu haya na roƙo da kuɗi a hannu, har wasu suka yi musu zaman makoki. Mota da ta'aziyya, sai Amurka.

A Japan akwai ajin ƙananan motoci masu lamba ruwan ɗorawa: injin kada ya wuce cc 660, tsawo kada ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, sakamakonsu kuma sauƙin haraji. Injiniyoyi na cinye kowace santimita, shi ya sa suke fitowa murabba'i tsaf, kuma sun haura ɗaya cikin uku na sababbin motocin ƙasar. Ƙaramin goro, babbar kasuwa.

Can ɗin dai, a mafi yawan garuruwa ba a yi wa motarka rajista sai ka kawo takardar shaidar kana da wurin ajiye ta. A nemi turke kafin doki.

Sabuwar mota kan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar daga zane zuwa kasuwa, kuma duk da kwamfuta, har yanzu sai an sassaƙa ta da yumɓu, girmanta sak, manya su zagaya su shafa su ce a rage nan a ƙara can. Masu ginin tukwane, kuna da dangi a Jamus.

In ta kusa fitowa sai a naɗe ta da leda mai zanen baƙi da fari mai juya ido, don masu ɗaukar hoto su kasa gane fasalinta, a kai ta Arjeplog a arewacin Suwidin, yankin da mutanensa ba su kai 3,000 ba, a yi ta wasa da ita a kan tafkin da ya daskare. Daga nan sai hamadar California ta sha zafi. Amarya ma ba ta shan wannan gyara.

Ga kuma abin da ke hana masu tsara motoci barci. Birtaniya ta ce za ta hana sayar da sababbin motocin fetur a 2040, ta dawo da shi 2030, ta tura shi 2035, ta sake komawa 2030, alhali masana'antar batir guda biliyoyi take ci kuma shekaru ake yi ana gina ta. Ranar biki dai a tsayar da ita, masu girki su san abin yi.

Norwe na cikin manyan masu sayar da man fetur da iskar gas a Turai, amma a 2023 fiye da takwas cikin goma na sababbin motocinta na lantarki ne, don ta yafe musu haraji masu nauyi kuma wutarta daga ruwa take samu. Mai tuwo ya sayar, ya koma gida ya sha fura.

A Shanghai lambar mota gwanjonta ake yi, takan kai kusan yuan 90,000, amma koriyar lamba ta motar lantarki kyauta ce ga wanda ya cika sharaɗi. A Shenzhen kuwa tun 2017 motocin bas sama da 16,000 duk suka koma batir. Tasha ba hayaƙi, sai hayaniyar fasinja.

Shirun motar lantarki ya zama matsala, musamman ga makafi da yara masu tsallaka titi, don haka daga 2019 Turai ta wajabta mata yin ƙara in tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa ko tana ja da baya. Wasu kamfanonin har mawaƙa suka ɗauka su tsara musu sautin. An sha wuya an kashe ƙara, yanzu ana biya a dawo da ita.

Motar lantarki in ta rage gudu, injinta ne ke riƙe ta yana mayar da wuta cikin batir, har birki kan yi tsatsa don zaman banza. A wani wurin fasa dutse a Suwizalan akwai tifar lantarki da ke hawa tudu wayam ta gangaro da tan 65, gangarowar kuma ta mayar mata da mafi yawan cajin da ta kashe. Kaya ne ke biyan kuɗin mai.

Batirin wata ƙatuwar jif ta lantarki a Amurka ya haura tan ɗaya, wato shi kaɗai ya fi wata ƙaramar motar nauyi da injinta da tayoyinta. Ranar da caji ya ƙare, kada a kira yaran unguwa turi.

Kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, a Chile kuma ruwan gishiri ake shanyawa a rana fiye da shekara kafin a tace litiyam. Shi ma dutsen litiyam ɗin akwai shi a Nasarawa, kuma ni dai fatana a riƙa sarrafa shi a gida kafin ya hau jirgi. Mai gona ya ɗanɗana amfanin gonarsa.

Brazil ta kama giyar rake a matsayin man mota tun 1975, daga 2003 kuma aka fara sayar da motocin da ke shan kowanne, direba ya duba farashi a gidan mai ya zaɓa. Fetur ɗinsu ma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ruwan rake ne. Masu rake a baro, a ƙara ƙwazo.

Habasha ta riga ƙasashen Turai: a 2024 ta hana shigo da motocin gida masu amfani da fetur ko dizal, don ba ta haƙo mai sai ta saya da dala, wuta kuwa tana da katafariyar madatsa a kan kogin Nilu. Talauci ma malami ne na lissafi.

Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Dizal ɗin Turai farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan, amma shekaru da dama Nijeriya ta yarda da mai 3,000, ninki 300 ke nan, shi ne ya riƙa toshe matatar hayaƙin motocin da ke zuwa mana ta Kwatano, sauran kuma huhunmu ya tace. A wanke mana mai, don Allah.

Ita matatar da ke jikin salansa tana ɗauke da ƙarafa masu daraja, wani lokacin har sun fi zinariya tsada, shi ya sa ɓarayi ke shiga ƙarƙashin mota da zarto, wata gwanjon ma tun kafin ta iso an yashe ta. Mai sayen mota, a durƙusa a leƙa.

Akwai motocin lantarki guda uku da aka ajiye a duniyar wata tun 1971 da 1972, kowacce ba ta yi tafiyar kilomita 40 ba, ba tsatsa, ba haɗari, ba ta taɓa ganin bakanike ba. Dillalai, ga haja mai kyau, kuɗin ɗaukowa ne sai an zauna.