Karatun waya a Lambara

A Lambara, kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, wayar gida ta maigida ce. Da ita yake fita gona ko kasuwa, da yamma ya miƙa ta shagon caji. Wanda duk ya zo da zancen a koyar da 'yan firamare ta intanet, tambayar da zai fara sha ita ce: da wayar wa?

An ɗanɗana abin a 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu. A birni wasu yara sun koma kan waya. A nan rediyo ya yi rana, don batir biyu sun isa, kuma uwa na jin darasin tana sussuka. A 2022 gwamnatin tarayya da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, darussa kyauta. Amma data ba kyauta ba ce, kuma a farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari.

Kuɗi dai ba shi ne babban abin da ke damun iyaye mata ba. Damuwarsu tarbiyya. Yaron da aka ba waya don lissafi, wa ke gadinsa kada ya zarce TikTok? Malamin aji ya san ɗan wane ne, ya san ranar da bai zo ba, gobe ya tare uban a masallaci. Wannan kuwa, waya ba ta iya shi. Matasan magidanta, masu sayar da albasa ta waya, suna ganin ba haka ba: yaron da bai taɓa kwamfuta ba, yaya zai yi ranar jarrabawar JAMB, wadda yanzu a kanta ake rubutawa?

Ni ina ganin kuskure ne a ce mutanen nan na gudun karatu daga nesa. A ƙasar nan Nana Asma'u ta riƙa tura jajoji, wato mata masu koyarwa, ƙauye-ƙauye da darasi a bakinsu, mata 'Yan Taru na karɓa a tsakar gida. Sai dai jaji mutum ce da aka sani, an san gidansu, in ta kauce akwai wanda za a kai wa ƙara. Abin da iyaye ke nema ke nan: a kai na'urar makaranta, a sa mata sola, malami ya riƙe ta, yara su kewaye shi.