Shin Ko Kun San? Sikanin Zuciya a Bakin Gadon Mara Lafiya

Shin ko kun san na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita, irinta ce likita ke ɗorawa a ƙirjin wanda ke tsakanin rai da mutuwa ya ga zuciyarsa tana bugawa? Ba a ɗaga shi daga gado, ba a tura shi ɗakin hoto. A shafa ɗan mai mai santsi, a dafa kan na'urar a tsakanin haƙarƙari ko a ƙasan ƙahon zuci, cikin 'yan mintuna an ga abin da ake nema. Sauti ne take aikawa, wanda ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, sai ta mayar da amsa-kuwwarsa hoto. Babu tururin da ake gudu a hoton ƙashi.

Shin ko kun san a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa aka aro na'urar farko? A 1953, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz na garin Lund a Suwidin suka karɓo abin da ake neman tsagewar ƙarfe da shi a Malmo, suka gwada shi a kan zuciya.

Shin ko kun san ƙarin ruwa na iya ceton wani ya hallaka wani, alhali dukansu jininsu ne ya faɗi? Nan ne amfanin sikanin ya fi fitowa. Mutum uku ne kwance, kowa jikinsa ya yi sanyi, zufa na karyo masa, bugun jini da ƙyar ake ji. Na farko jini ya zubar, zuciyarsa ta tsuke tana ta bugun banza: shi ruwa da jini yake buƙata. Na biyu naman zuciyarsa ne ya saki, ba ta iya matsewa. A ɗura masa leda biyu, ruwan ya taru a huhu, numfashi ya gagara. Na uku gudan jini ne ya toshe jijiyar huhunsa, sai ɓangaren dama na zuciya ya kumbura ya danne na hagu. Ido ba ya raba ukun nan da sauƙi. Allon na'ura yana rabawa.

Shin ko kun san zuciya a cikin jaka take? Ruwan da ke cikin jakar a al'ada ba ya wuce mililita 50. Idan jini ya kwararo ciki farat ɗaya, misali bayan suka da wuƙa ko haɗarin mota, mililita 200 ma ta isa ta shaƙe zuciya ta kasa cika. Idan kuwa a hankali yake taruwa, jakar kan miƙe har ta ɗauki fiye da lita ɗaya. A 1935 likitan Amurka Claude Beck ya kawo alamomi uku na wannan shaƙewa: faɗuwar jini, kumburin jijiyoyin wuya da dusashewar sautin zuciya. Sai dai ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. A sikanin kuwa ruwan baƙi ƙirin yake fitowa kewaye da zuciya, kuma da hoton ne likita ke saita allurar da zai zuƙe shi. A ƙasashen Afirka, tarin fuka ne kan gaba wajen tara wannan ruwa.

Shin ko kun san ko zuciya ta tsaya ana danna ƙirji, akan leƙa ta? Sharaɗin shi ne kada a dakatar da danna ƙirjin fiye da daƙiƙa 10.

Shin ko kun san Zariya da Kano na cikin wuraren da aka fi samun ciwon raunin zuciya na masu jego a duniya? Tun shekarun 1970 aka rubuta shi a Zariya. Mai jego ce za ta fara haki, ƙafa ta kumbura, ta kasa kwanciya sai a jingine, a gida kuma a ce gajiyar haihuwa ce. Duba ɗaya a ƙirji zai nuna zuciyar ta buɗe tana motsi da ƙyar. Wannan kaɗai ya isa hujjar ajiye na'urar a kowane ɗakin haihuwa.

Shin ko kun san yanzu tana shiga aljihu? Kamfanin GE ya fito da Vscan a 2009, daga baya aka samu Butterfly iQ da ake jonawa a waya. Amma na'ura ba ta karanta kanta. Hannun da bai ƙware ba zai iya ɗaukar kitse a matsayin ruwa, kuma wannan leƙen gaggawa ba ya maye gurbin cikakken binciken likitan zuciya.

Kira ga masu riƙe da asibitocinmu: ku sayi na'urar, ku horar da likitocin da ke kwana a ɗakin gaggawa, ku kuma bar ta kusa da gado, ba a kulle a ofis ba.