Daga Kanal ɗin Kura Zuwa Laburaren Manhaja: Yadda Ake Sanar Da Sauyi

Duk wanda ya tashi a Kura, ko Bunkure, ko Garun Malam ya san nauyin jimlar nan: “Za a rufe ruwa.” Ruwan da ke shayar da shinkafa da tumatir da alkamar yankinmu daga madatsar Tiga yake tahowa, wadda aka kammala a 1974. Yana bin babban kanal, ya rarrabu a ƙanana har ya isa bakin gona, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. In gyara ya taso, kamar wanda aka yi a shirin TRIMING mai tallafin Bankin Duniya, dole a tsayar da shi.

Manomin da ya ji sanarwa bai damu da yawan simintin da za a zuba ba. Tambayoyinsa su ne: ɓangarenmu na ciki? Daga yaushe zuwa yaushe? In zuba iri yanzu ko in dakata? Sanarwar da ba ta amsa waɗannan ba, ko an karanta ta a rediyo sau goma, ba ta yi masa komai ba.

Mu da muke karatun kwamfuta a jami'a ba mu taɓa zaton wannan yana da alaƙa da darasinmu ba, sai da abin ya faru a kanmu.

Bari mu fara da laburare. Ba na littattafai muke nufi ba. Masu rubuta manhaja ba sa ƙirƙirar komai tun daga tushe. Idan wani ya riga ya rubuta umarnin da ke lissafa kwanan wata ko zana jadawali, sai ya tattara shi wuri ɗaya ya saki, kowa ya ɗauka ya ɗora aikinsa a kai. Wannan tarin shi ake kira laburaren manhaja. Mai shi kamar mai riƙe da ƙofar babban kanal ne: abin da ya taɓa a sama, dubban mutanen da bai taɓa gani ba ne za su ji a ƙasa. Shi ya sa duk sabon zubin da ya fitar yake zuwa da ɗan rubutun da ke bayyana abin da ya sauya.

A zangon da ya wuce, mu uku muka haɗa wata 'yar manhaja a matsayin aikin aji. Aikinta ta tsara ranakun ban ruwa ga maƙwabtan gona da ke shan ƙaramin kanal ɗaya, ta nuna wa kowa ranarsa. Mun jingina ta da wani laburaren kwanan wata. Ana saura kwanaki mu miƙa aiki sai sabon zubinsa ya fito, bayanin da ya zo da shi kuma layi ɗaya ne, wai an yi gyare-gyare an inganta aiki. Wa zai ƙi ingantawa? Muka sabunta.

Da muka je gida hutun ƙarshen mako, muka nuna wa baffan ɗaya daga cikinmu, wanda ke noman tumatir. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ku yaran nan, tumatirin wa zai jira wata guda ba ruwa a wannan zafin?” Muka ce, “Baffa, kwana bakwai ne tsakani.” Ya miƙo mana wayar. Ashe sabon zubin ya koma karanta wata kafin rana, irin na Amurka. Mun rubuta 04/03 muna nufin 4 ga Maris, ita kuwa manhajar ta kai baffa 3 ga Afrilu. Mun kwana biyu muna zargin kanmu kafin muka gano tushen matsalar. Da a ce da gaske manoma ke amfani da ita, ba maki za a rasa ba, kwandunan da za su tafi kasuwar Kwanar Gafan za a rasa.

Mai laburaren bai yi ƙarya ba, wataƙila a wurinsa ingantawa ce. Laifinsa shi ne ya rubuta abin da shi ya yi, bai rubuta abin da zai same mu ba. A ganinmu nan ne yawancin irin waɗannan bayanai suke faɗuwa. Wasu ma sukan kwafo dukkan 'yan rubuce-rubucen da suka yi wa kansu lokacin aiki, layi ɗari biyu, su zube wa mai karatu. Wannan da layi ɗaya duk kanwar ja ce, don sauyin da zai karya maka aiki yana can a layi na 147.

Akwai waɗanda suka yi abin yadda ya kamata. Lokacin da harshen rubuta manhaja na Python ya fitar da zubi na 3.0 a Disambar 2008, wanda ya ƙirƙiro shi, Guido van Rossum, ya rubuta bayanin sauye-sauyen, kuma tun a farko-farko ya jero wuraren da masu tsohon zubi za su yi tuntuɓe. Ga ɗaya da ɗan aji ɗaya ma zai gane: a tsohon zubi, in ka raba 5 gida 2 amsar 2 ce, a sabo kuwa 2.5. Ka ɗauka buhunan taki kake rabawa, ka ga rabin buhu ya ɓace ko ya bayyana ba tare da ka taɓa komai ba. Sannan ba su rufe ruwan tsohon zubin dare ɗaya ba. Sun sanar da ranar tun da shekaru, har suka ɗaga ta daga 2015, ba a daina kula da Python 2 ba sai 1 ga Janairun 2020.

Hatta lambar zubi magana take yi. Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya tsara ƙa'idar da laburare da yawa ke bi, ta lambobi uku kamar 2.4.1. In ta ƙarshe ce ta motsa, an toshe wata ɓaraka ne kawai. In ta tsakiya ce, an ƙaro sabon abu amma tsohon aikinka na nan lafiya. In ta farko ce ta tashi daga 2 zuwa 3, to ka zauna ka karanta, akwai abin da zai iya karyewa. Laburaren da ya tsunduma mu lambar ƙarshe kawai ya motsa, abin da ya fi ba mu haushi ke nan.

Daga baya malaminmu ya sa mu rubuta bayanin da ya kamata a ce mun samu. Mun yi ta gogewa, don hannu yana ta son fara da yabon kai. Ga abin da muka tsaya a kai:

“Zubi na 3.0.0. A kula: daga yanzu 04/03 na nufin 3 ga Afrilu, a da 4 ga Maris ne. Wannan ya shafi duk wanda ke rubuta rana kafin wata. In kana son tsohon tsari, kunna zaɓin rana-da-farko kafin ka sabunta. Wanda ke fara rubuta shekara, kamar 2024-03-04, babu abin da ya sauya masa.”

Sauran ƙananan gyare-gyare muka tura su ƙasa, kowanne layi guda. Mun karanta wa baffa shi a waya don mu gwada. Bai san mene ne zaɓin rana-da-farko ba, amma ya tsayar da mu a layi na biyu ya ce, “To, ni wannan ya shafe ni.” Daga nan ya tambaya ko an gyara masa ranarsa, don ruwan Laraba nasa ne.