Fumfunar Cikin Itace da Amfaninta

Akwai wata irin fumfuna wadda ke zama cikin ganye da ɓawo da saiwar itace mai rai, ba tare da ta cuce shi ba. Itace ya ba ta masauki da abinci, ita kuwa takan fid da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ai daga fumfuna ne Alexander Fleming ya gano finisilin a 1928.

Masana sun bincika itatuwan mangurof, watau masu tsayuwa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Sun tarar fumfunarsu, irin su Aspergillus da Penicillium, tana hana waɗansu ƙwayoyin cuta hayayyafa. Tana kuma samar da inzayim, watau sinadaran narkarwa, masu farfasa sitaci da maiƙo da tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin ɓawon mangurof.

Ƙasar Kirikasamma ba teku, amma akwai bagaruwa, wadda ke jure tsayuwa cikin ambaliyar Kogin Haɗeja. Ita ma cike take da tanin, shi ya sa majema ke jima da 'ya'yanta. Don haka ta cancanci irin wannan bincike. Duk bagaruwar da aka sare a fadama, an sare ta tare da baƙinta, tun ba a san amfaninsu ba.