Dabarar Matse Fim Da Abin Da Ta Jawo Wa Kasuwar Finafinan Hausa

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, kamar a Kano da Zariya, mai son kallo ya daina neman faifai. Sai dai ya miƙa wa mai tura finafinai wayarsa ko katin memori, nan da nan a cika masa. To, amma sau da yawa in ya je gida ya sa a kwamfuta, sai ya ji magana ba hoto, ko kuwa abin ya ƙi buɗewa ƙememe. Daga nan sai a ɗora wa mai shago laifi, a ce gurɓatacce ya tura. Alhali kuwa galibi fim ɗin lafiyarsa lau. Abin da kwamfutar ta rasa shi ne 'yar manhajar da ke warware shi, wadda masana ke kira kodek.

Bari mu ɗan yi wa mai karatu bayani. Fim jerin hotuna ne masu wucewa da sauri, guda 25 a kowace daƙiƙa bisa tsarin talabijin na ƙasar nan. Da a ce za a ajiye kowane hoto cikakke, da faifan CD guda ba zai ɗauki abin da ya wuce minti ɗaya da rabi ba. Saboda haka aka ƙago dabarar matsewa. Alal misali, in ɗan wasa yana magana a zaure, bakinsa da hannunsa ne ke motsi, bango da tabarma suna nan yadda suke. Sai na'ura ta ajiye cikakken hoto sau ɗaya, sa'an nan ta riƙa rubuta abin da ya sauya kawai, ta kuma watsar da ƙananan bambancin launi da ido ba ya kula da su. Wannan shi ne ɗauri. Lokacin kallo kuwa dole a sami mai kwancewa wanda ya san irin ƙullin da aka yi, in ba haka ba allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Ƙullin kuwa iri-iri ne. A 1993 aka fito da tsarin MPEG-1, wanda ya ba da damar zuba minti 74 a faifan VCD, shi ya sa dogon fim kan zo a faifai biyu. A 2003 aka sami H.264, wanda har yanzu shi ne ya fi yawa a cikin fayilolin MP4. A 2013 kuma H.265 ya biyo baya, da nufin rage nauyin fim zuwa kusan rabi ba tare da hoton ya dushe ba. Tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar waya ba ta san wannan sabon ƙulli ba, nan ne fa rigimar ke tasowa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne VLC, manhajar nan mai tambarin mazugin da ake jerawa a kan titi. Ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa ne suka fara aikinta a 1996, aka sake ta kyauta ga kowa a 2001, kuma tana tafe da nata kodek a cikinta.

Sai dai kuma wannan sauƙi akwai waɗanda ya kwantar wa da jari. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a Kano cikin 1990, cinikin fim ɗin Hausa a kan abin da ake riƙewa a hannu ya dogara, watau kaset, daga baya faifai. Dillalan Ƙofar Wambai su ne ke saye su rarraba zuwa garuruwa, da kuɗin nan kuma furodusa ke shirya fim na gaba. Satar kaset ma ta kan ci lokaci, hoton kuma ya riƙa lalacewa in an yi ta kwafa. Matsattsen fayil kuwa ko sau dubu aka tura shi, na ƙarshe daidai yake da na farko, kuma aikin 'yan mintoci ne. Cikin shekarun 2010 sai kasuwar faifai ta durƙushe. Mai turawa na samun na cefane, mai kallo na murna, wanda ya zuba dukiyarsa ya tashi a tutar babu. A ganinmu, kamen 'yan shago kaɗai ba zai taɓa kashe wannan wuta ba, tun da ko yaro zai iya tura wa abokinsa fim daga waya zuwa waya.

Masu shirya fim da suka farga sai suka bi ta wata hanya. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, a 2020 kuma Izzar So ya tara ɗimbin masu kallo a YouTube, inda kuɗin talla ya maye gurbin kuɗin faifai. A can ma matsattsen hoto ake aikowa, wayar mai kallo ta riƙa kwancewa tana nunawa, shi kuma yana biyan kamfanin waya kuɗin data.