Suwaita A Gaban Kwastan: Zare Ne Alƙali

Da hunturu ya ƙarato, 'yan kasuwarmu kan shiga odar suwaitar maza, amma ba kowa ke tambayar matsayinta a kundin kwastan ba. A tsarin lambobin kaya na duniya da ya fara aiki a 1988, lambarta 6110. Daga nan zare ke raba gardama: ta auduga 6110.20, ta zaren roba 6110.30, idan gauraye ne, wanda ya fi nauyi shi ke cin suna. Gwanjo kuwa 6309 ne, kuma dokar Nijeriya ta haramta shigo da shi.

Kuskuren lamba na iya tsare kaya a tashar Apapa har sanyi ya wuce. Saboda haka, ɗan kasuwa ya nemi bayanin zare a rubuce tun kafin ya biya kuɗi.